Mabuɗin Ƙagaggen Labari: Tsokaci da Shawara ga Sababbin Marubuta

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya jima yana koyar da rubutun zube ya saba da ɗalibai da matasa masu kawo masa rubuce-rubucensu domin ya duba musu. A cikin shekarun da na yi ina wannan aiki, abin da ya fi damuna shi ne yawan labarai masu kyau da shafinsu na farko yake kashe su. Sau da yawa nakan daure in ci gaba da karatu, domin aikina ne, sai in tarar a shafi na goma sha biyar ko na ashirin akwai labari mai rai, da mutane masu jini a jika, da Hausa mai daɗi. To amma wane ne zai kai shafi na ashirin in ba malamin da aka ɗora wa nauyi ba? Mai saye a kasuwa yakan buɗe littafi ne a tsaye, ya karanta layi biyar ko shida, ya yanke shawara. Mai karatu a waya kuwa ya fi shi gaggawa, domin da yatsa ɗaya yake wucewa zuwa wani abu.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda ake buɗe ƙagaggen labari. Za mu fara da abin da muka gada daga adabin baka da rubutacciyar waƙa, sa'an nan mu nazarci yadda marubutanmu na farko suka buɗe littattafansu da dalilin da ya sa suka yi haka. Daga nan sai mu kawo kurakuran da aka fi yi a yau, mu biyo su da shawarwari. Abin da muke nufi da mabuɗi a nan shi ne tun daga jimlar farko har zuwa inda mai karatu ya gane wa ake magana a kansa, da abin da ya dame shi. Wani marubucin sakin layi ɗaya ya ishe shi, wani kuwa sai ya ci shafi biyu ko uku.

2.0 Abin da Muka Gada

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba a faɗa wa zance kai tsaye ba tare da an buɗe shi ba. Mai tatsuniya takan ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa mata, kuma sai sun amsa take farawa. Wannan 'yar gajeriyar musayar magana tana yin aiki biyu. Na farko, tana tara hankalin masu sauraro wuri ɗaya. Na biyu, tana sanar da su irin duniyar da za a shiga, watau duniyar da Gizo yake aure, kura take zuwa kasuwa, kuma ba wanda zai ce ƙarya ne. Abin lura kuma shi ne, da zarar an amsa, gwanar tatsuniya ba ta ɓata lokaci. A numfashi ɗaya za ta faɗi wanda ake magana a kansa da halin da yake ciki: yunwa ce aka yi, ko marainiya ce a hannun kishiyar uwa, ko budurwa ce da ta ƙi kowa sai wanda ba shi da tabo.

Rubutacciyar waƙa ita ma tana da nata mabuɗin, na ambaton Allah da salati ga Annabi, kuma gwanayen marubuta waƙa sukan saƙa alamar jigonsu tun a cikin wannan yabo, ta yadda mai sauraro zai gane ko waƙar wa'azi ce, ko ta madahu, ko ta siyasa, tun ba a faɗa masa ba. Malaman balagar Larabci, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukanmu, irin su Uƙudul Jumani na Suyuɗi, sun yi bayanin cewa akwai wurare uku da ya wajaba mai magana ya ƙawata: farawa, da wurin sauya zance, da rufewa. Farawar da take nuni ga abin da za a tattauna ita suke kira bara'atul istihlali. Ke nan batun kyautata mabuɗi ba baƙon ilimi ba ne da boko ya kawo mana. Abin da ya zo sabo shi ne ƙagaggen labari na zube, wanda mutum yake karantawa shi kaɗai, ba mai amsa masa, kuma ba kunyar kowa da za ta hana shi ajiyewa.

3.0 Mabuɗan Littattafan Farko

Kamar yadda aka sani, a 1933 ne Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafai biyar waɗanda aka fara bugawa daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. East da kansa ya bayyana wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai su yarda su ƙaga labari, domin a ganinsu wannan aikin tatsuniya ne, abin mata da yara, wanda bai dace da mai ilimi ba. Sai mun riƙe wannan a zuciya za mu fahimci dalilin da ya sa uku daga cikin waɗannan littattafai suka buɗe da dabara iri ɗaya.

A Ruwan Bagaja, ba da Alhaji Imam aka fara ba. An fara ne da Koje Sarkin Labari, mutumin da ba shi da wani aiki sai yawon ƙasa-ƙasa yana neman labari. Shi ne ya isa Kwantagora, ya sadu da Alhaji, sa'an nan Alhaji ya buɗe baki. A Shaihu Umar, an fara ne da wani babban malami a Rauta, kusa da Bauci, wanda almajirai suke zuwa ɗaukar karatu a wurinsa, har wata rana ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi asalinsa. A Ganɗoki kuma yara ne suke neman tsohon mayaƙi ya ba su labarin yaƙe-yaƙensa. A duk wuraren uku an zaunar da mai ba da labari, an zaunar da masu sauraro, an kuma kawo dalilin da ya sa za a yi maganar.

Wasu manazarta sukan ɗauki wannan dabara a matsayin kwaikwayon Dare Dubu da Ɗaya kawai. Babu musu akwai wannan tasiri, amma a ganina akwai abin da ya fi shi. Mutanen da aka rubuta wa waɗannan littattafai sun tashi ne a cikin al'adar da ake tambayar kowace magana: wa ya faɗa, daga wa ya ji? Labarin da ba shi da mai shi, a wurinsu, shi ne ƙarya. Saboda haka marubutan nan suka ba labarinsu mai shi. Sun kuma mayar da mai karatu, wanda yake zaune shi kaɗai da takarda, cikin da'irar da ya saba da ita, ta hira a zaure ko a dandali. Ke nan mabuɗin nasu magani ne na wata matsala ta zamaninsu.

Bugu da ƙari, kowane ɗaya daga cikin mabuɗan nan ya dace da littafin da yake buɗewa. Mutumin da yake yawo yana farautar labari abin dariya ne tun daga farko, saboda haka mai karatu ya shirya wa barkwanci tun kafin Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya bayyana. Zauren karatu na Rauta kuwa wuri ne na natsuwa, kuma da wannan natsuwa aka ba da labarin bauta da rabuwar uwa da ɗa har ƙarshe. Akwai kuma wata hikima a mabuɗin Shaihu Umar da ya kamata sabon marubuci ya lura da ita. Tun da mun ga Umar ya manyanta, ya zama malami abin girmamawa, ba ma tsoron ko zai mutu a hannun waɗanda suka sace shi. Tambayar da take jan mu ita ce ta yaya yaron da aka sace ya kai wannan matsayi. Mahaifiyarsa kuwa ba a nuna mana ita a Rauta ba, saboda haka fargabar mai karatu duk sai ta koma kanta. Marubucin ya bayyana abu ɗaya, ya ɓoye ɗaya, kuma da wanda ya ɓoye ɗin ya riƙe mu.

Jiki Magayi ya bi wata hanya dabam. Ba Koje, ba almajirai. An kawo mu Galma, an nuna mana Malam Shehu, attajirin da yake da kome sai haihuwa, aka kuma nuna yadda mafarki ya sa ya ɗora ido a kan Zainabu, wadda ta riga ta yi alkawari da Abubakar. Cikin ɗan ƙanƙanen wuri an haɗa mutum uku waɗanda bukatunsu ba za su taɓa biya gaba ɗaya ba. Duk abin da ya biyo baya, har zuwa mugun ƙarshen da ya sami Malam Shehu ta hannun ɗan da ya yi ta nema, daga wannan ƙulli na farko ya tsiro. Irin wannan rashi ne kuma Abubakar Imam ya buɗe Magana Jari Ce da shi, wanda aka buga tsakanin 1937 da 1939: Sarki Abdurrahman yana da mulki da dukiya, ba shi da ɗa namiji da zai gaje shi, ga kuma Waziri a gefe yana ƙulla nasa. Darasin a nan shi ne, ba a lissafa dukiyar mutum a farkon labari sai domin a nuna abu ɗaya da dukiyar ta kasa saya masa.

4.0 Sauyin da Aka Samu

Da tafiya ta yi tafiya, masu karatu suka saba da ƙagaggen labari, bukatar a ba shi mai shi ta ragu. Littattafan da suka fito daga gasar Kamfanin NNPC, waɗanda aka buga a 1980, da waɗanda suka fito daga gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya a 1982, irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, sun fuskanci rayuwar zamani gaba da gaba. Misali mafi dacewa da batunmu shi ne So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. An buɗe shi ne da muryar budurwa tana gaya wa manyanta cewa ba za ta auri wanda ba ta so ba. Ba a gabatar da ita ba, ba a faɗi garinsu ba tukuna, amma daga wannan magana kaɗai mai karatu ya san jigo, ya san tauraruwa, ya san da wa take ja. Ya kuma ji wani abu da ba a saba ji ba a rubutun zube na Hausa kafin lokacin, watau yarinya tana musu da babba a kan aurenta.

Daga tsakiyar shekarun 1980 aka shiga zamanin da ake kira na Adabin Kasuwar Kano, lokacin da marubuta irin su Talatu Wada Ahmed, da Balaraba Ramat Yakubu, da Ado Ahmad Gidan Dabino suka riƙa buga littattafansu da kansu. Wannan ya faɗaɗa karatun Hausa ƙwarai, musamman a tsakanin mata, to amma ya zo da nasa cikas. Littafin da ba ya bi ta hannun edita ba shi da wanda zai ce wa mai shi ya yanke shafi uku na farko. Haka kuma al'adar raba labari ɗaya zuwa littafi na ɗaya da na biyu da na uku ta sa wasu suka riƙa jan farkon labari domin ya cika littafi. Yanzu da yawancin sababbin marubuta suke sakin labaransu kashi-kashi ta Facebook da WhatsApp da Wattpad, rashin editan yana nan, haƙurin mai karatu kuwa ya ƙara raguwa.

5.0 Kurakuran da Aka Fi Yi

Misalan da za su biyo baya ni na ƙaga su, bisa kamannin abin da nake yawan gani, domin kada a ce da wani nake.

Kuskure na farko shi ne buɗewa da yanayin gari wanda bai shafi kowa ba: "Gari ya waye, rana ta fito, tsuntsaye suna ta kuka a bisa itatuwa, iska mai daɗi tana kaɗawa." Wannan wayewar gari ta kowace rana ce, a kowane gari, ana iya cire ta daga wannan littafi a liƙa wa wancan ba wanda zai lura. Yanayi yana da amfani ne idan ya zama matsalar wani. Hadarin da ya taso wa manomin da ya yi kwana ashirin yana jiran ruwa labari ne. Haka kuma hadarin da ya taso wa wanda ya baza hatsinsa a masussuka.

Na biyu shi ne siffanta budurwa daga gashi zuwa yatsun ƙafa, ko lissafa motoci da kujerun gidan mahaifinta, kafin ta yi motsi ko ta ce uffan. Mai karatu ba ya riƙe siffar mutumin da bai damu da shi ba tukuna. Kuma da yake siffofin nan kusan iri ɗaya ne a ko'ina, fara, doguwa, mai dara-daran idanu, sai su hana a bambanta tauraruwar wannan littafi da ta wancan.

Na uku shi ne salsala. Marubuci zai fara da kakan tauraro, da garin da ya taso, da matansa da 'ya'yan kowace, har mai karatu ya tara sunaye goma sha biyu bai san wanda zai bi ba. Masu yin haka sukan kafa hujja da Shaihu Umar, su ce ai shi ma da asali ya fara. Sun manta cewa kafin a ba da asalin nan sai da aka sa mu son sanin sa, ta hanyar nuna mana mutumin da kuma tambayar almajirinsa. Amsa ce ta biyo bayan tambaya. Su kuwa suna ba da amsar abin da ba wanda ya tambaye su.

Na huɗu shi ne wa'azi. "Duniya makaranta ce, kuma duk wanda ya shuka alheri zai girbi alheri." Maganar gaskiya ce, amma idan aka faɗe ta a layin farko, me ya rage wa labarin ya yi? Ruwan Bagaja da Jiki Magayi duk suna ɗauke da gargaɗi, amma sun bari mai karatu ya ga abin da idonsa kafin a ja masa kunne.

Na biyar shi ne yaudara. A buɗe da tashin hankali, ana bin yarinya da wuƙa, sai a shafi na biyu a ce ashe mafarki take yi, labarin kuma ya koma wani abu da ba ruwansa da wuƙa. Mafarkin Malam Shehu ya halatta domin shi ne ya tura shi ga aikin da ya rusa gidansa. Mafarkin da aka kawo domin a firgita mai karatu kawai cin amana ne, kuma wanda aka yaudara a shafin farko ba zai sake sakin jiki ba.

Na shida kishiyar salsala ne, watau ɓoye abin da ba dalilin ɓoye shi. Sai a cika shafi biyu da "ya ce" da "ta ce" ba a faɗi ko su wane ne ba, wai don a jawo hankali. Akwai bambanci tsakanin mai karatun da yake son ya san abin da zai faru, da wanda bai gane abin da yake faruwa ba. Na farko yakan juya shafi, na biyu yakan rufe littafi.

6.0 Shawarwari

Domin maganar ta fito fili, bari mu ɗauki labari ɗaya mu buɗe shi ta hanya biyu. Ga ta farko:

"Malam Audu mutumin kirki ne, mai haƙuri da riƙon amana. An haife shi a wani ƙauye, ya taso a hannun kawunsa. Yana da mata ɗaya mai suna Hajara da 'ya'ya biyar. Kullum yakan tashi da asuba ya tafi masallaci, in ya dawo yakan karya kumallo ya nufi kasuwa."

Ga ta biyu:

"Ranar da Hajara ta fita takaba, tun ba ta gama raba wainar sadaka ba, wani mutum ya yi sallama a zaure da takarda a hannunsa. Ya ce ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Gidan ya zo gani, domin marigayi Malam Audu ya jinginar masa da shi tun bara."

Ta biyun ba ta fi ta farkon tsawo ba, amma dubi abin da ta ɗauko. Kalmar takaba kaɗai ta gaya mana an yi mutuwa wata huɗu da kwana goma da suka wuce, ta gaya mana addinin mutanen da matsayin Hajara. Waina da zaure sun nuna irin gidan. Sa'an nan ga tambayoyi sun taso da kansu: me ya sa mutumin kirki ya jinginar da gidansa bai gaya wa matarsa ba? Ina kuɗin suka tafi? Takardar ma ta gaskiya ce? Kirkin Malam Audu da tashinsa a hannun kawu ba su ɓace ba, za a kawo su daga baya, a lokacin da mai karatu yake ƙishirwar sanin su. Daga wannan misali muna iya fitar da shawarwari kamar haka.

Da farko, a fara labari a ranar da al'amura suka sauya. Kowane mutum yana da kwanaki dubbai masu kama da juna, da kuma rana ɗaya da ta fita dabam. Marubuci ya nemi wannan rana, ya fara a cikinta ko dab da ita.

Na biyu, a lura da lokutan aikatau, domin nahawu yana iya tona asirin mabuɗin da ba ya tafiya. Misalinmu na farko cike yake da "ne" da "yana da" da "yakan", watau siffantawa da lokaci na sabo, waɗanda suke bayyana hali mai ɗorewa. Abin da yake tura labarin Hausa gaba shi ne shuɗaɗɗen lokaci na biyu, irin su "ya yi sallama", "ta miƙe", "suka fita". Sabon marubuci ya ɗauki alƙalami ya ja layi a ƙarƙashin wurin da irin wannan aikatau ya fara bayyana a rubutunsa. In ya ga sai a shafi na huɗu, to, a shafi na huɗu labarinsa ya fara.

Na uku, a ba mai karatu mutum ɗaya da zai bi, a faɗi sunansa da wuri, a nuna abin da yake so ko abin da yake tsoron rasawa. Sauran mutane su shigo ɗaya bayan ɗaya, kowa a lokacin da ake bukatarsa.

Na huɗu, a zaɓi abu ɗaya ko biyu na zahiri waɗanda za su wakilci wuri da zamani, maimakon a lissafa kome. Fitilar kwai a kan taga, ko layin jarkoki a bakin famfo, sun fi dogon bayani a kan talauci tasiri.

Na biyar, a tsayar da murya tun daga jimlar farko. Wa yake magana, tauraro ne da bakinsa ko mai ba da labari na bayan fage? Da raha za a yi tafiyar ko da alhini? Wace irin Hausa ce, ta Kano, ko ta Sakkwato, ko ta Damagaram, ko daidaitacciya? Abin da aka zaɓa a shafin farko shi za a riƙe. Yana da kyau kuma marubuci ya karanta mabuɗinsa da ƙarfi a gaban wani, domin har yanzu da yawa daga cikin masu bin labaranmu ta kunne suke samun su, a gidajen rediyo ko a bakin wata mai karanta wa 'yan uwanta. Jimlar da numfashi ya kasa ɗauka, a raba ta.

Na shida, wanda ya fi duka muhimmanci, a sani mabuɗi bashi ne da marubuci ya ci, kuma dole ya biya kafin ya rufe littafi. In an buɗe da takardar jingina, dole ƙarshen labari ya gaya mana abin da ya sami gidan Hajara. Saboda wannan dalili ne nake shawartar ɗalibaina da kada su tsaya gyaran shafin farko tun ba su gama labarin ba. Su rubuta abin da ya zo musu, su kai ƙarshe, sa'an nan su dawo su sake mabuɗin, domin sai mutum ya san inda ya sauka yake sanin ta inda ya kamata ya taso.

7.0 Wata Hujja da Ake Kawowa

Wasu abokan aiki sukan ce wannan shawara ta shiga labari kai tsaye ɗabi'ar Turawa ce, Bahaushe kuwa ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya gama gaisuwa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba na cewa dole kowane littafi ya buɗe da rikici. Mabuɗin Shaihu Umar a hankali yake tafiya, kuma da aka gaggauta shi da an ɓata shi. To amma mu duba gaisuwar da kyau. Mutumin da ya yi sallama a ƙofar gidanka da tsakar rana, yana tambayar gajiya da iyali, kai ka san da magana a bakinsa, kuma wannan sanin ne yake sa ka zauna ka saurare shi. Labarin zuciya a tambayi fuska. Gaisuwar da ba a so ita ce ta wanda ya gama ta ya sake ɗauko ta daga farko, har ka gane ba abin da ya kawo shi. Saboda haka marubuci yana da damar ya yi tafiyarsa a hankali, muddin mai karatu yana jin akwai magana a bayan gaisuwar. Tatsuniyarmu ma, kamar yadda muka gani a baya, ba ta jan farawa.

8.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun ga cewa marubutan 1934 sun buɗe littattafansu ta hanyar da ta warware matsalar masu karatun zamaninsu, kuma kowane mabuɗi ya dace da jigo da salon littafinsa. Mun ga yadda aka sami sauyi daga 1980, da irin kurakuran da rashin edita ya bari suka yaɗu. Abin da ya kamata sabon marubuci ya koya daga magabata shi ne tambayar da suka yi wa kansu: wane ne zai karanta wannan, kuma me zai sa ya zauna? Amsar da ta yi wa Abubakar Imam aiki ba lalle ba ne ta yi wa marubucin yau.

Akwai kuma aiki a kanmu, mu malamai da manazarta. A azuzuwanmu mun fi mayar da hankali ga jigo da warwararsa, muna wuce zubi da tsari da sauri. Zai yi amfani a riƙa ɗaukar shafin farko na littattafai uku ko huɗu, a ajiye su gefe da gefe, a sa ɗalibai su faɗi abin da kowanne ya yi alkawari da kuma ko ya cika. Haka kuma akwai fili ga ɗaliban babban digiri su bi diddigin yadda mabuɗin ƙagaggen labarin Hausa ya riƙa sauyawa daga 1934 zuwa yau. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma masu karatunmu da wannan ma'auni suke auna mu, ko mun so ko mun ƙi.